Milimita Ɗaya a Rana

Ni tela ne a Kadikoy, sunana Koray.
Shekara goma sha huɗu ina rage ƙafar wandon jama'a,
alli a bayan kunne, allura a baki.
Nawa wandon ma ban taɓa sa shi yadda ya zo ba,
sai na datse masa taƙi guda.
Ƙyallayen na nan a buhu, ƙarƙashin keken ɗinki.
Wani dare na jera su a ƙasa don neman magana,
suka fi ni tsawo sau biyu.

Da safe na hau jirgin ruwa zuwa ɗaya gaɓar Santambul,
hoton ƙasusuwana cikin ambulan,
tsuntsayen teku na bin mu saboda gutsuren burodi.

Likitan farko yana hawa na ashirin.
Ya riƙe hannuna kafin ya kalli ƙafata.
"Santimita goma? Sha biyu ma an yi!"
Bango cike da hotunan maza masu shafaffiyar fuska,
jiya a hagu, yau a dama.
Na ce, in ciwo ya tashe ni ƙarfe uku na dare,
wa zan gani?
Ya ce akwai lambar waya.
Na gane murmushin nan, ai nawa ne:
shi nake yi wa mai yadi kaɗan da ke son kwat,
in ce masa zai isa.

Dakta Nilgun ba ta ba ni shayi ba.
Ofishinta na ƙarshen wani dogon baranda
inda sanduna ke ƙwanƙwasa daɓe tun asuba.
Ta ce in taka zuwa ƙofa in dawo.
Ta ce in sunkuya. Ta matsa bayan cinyata har na yi ƙara.
"Ƙashi ba shi da gardama," in ji ta,
"a karya shi, a zura masa ƙarfe, zai bi.
Jijiya ce mai taurin kai.
Shida zan ba ka, in jikinka ya yarda.
Milimita ɗaya a rana, ba ƙari,
kuma wasu ranakun za ka zage ni."

Sai ta jawo wani fayil mai kauri.
Ƙashin wani ne da ya ƙi haɗewa,
rata fara tas kamar haƙorin da ya fita.
"Wannan aikina ne. Shekara biyu ke nan.
Yana zuwa kowace Laraba, in kana so ka tambaye shi."
Ban san likita na nuna irin wannan ba.
Ni kaina rigar da na ɓata, ɓoye ta nake.

Tana rubutu, ba ta ɗago ba, ta ce,
"Wa ya fara kiran ka gajere?"
Na buɗe baki in ce ba kowa,
sai ga filin makaranta, ga layi,
ga malamin motsa jiki yana jawo ni gaba da kunne.
Ta ce akwai wanda zan fara zama da shi a hawa na biyu,
shi ba ya taɓa ƙashi.

Mahaifiyata Sevim ta ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.
Ta ce wa zai taka maka keken wata shida?
Ba ta ce kada in yi ba,
ta dai ƙara min miya.

Yanzu dare ne, na rufe shago.
Na shimfiɗa tef ɗin awo a teburi
ina kallon milimita ɗaya.
Ko kaurin farcena bai fi ta da yawa ba.
Sittin irinta, da wuƙa, da bashi, da sanduna.

Ban yanke shawara ba.
Amma katin mai hawa ashirin na naɗe zare a jikinsa,
lambar Nilgun kuwa na rubuta da alli a bango,
daidai tsayin idona.
Laraba zan je in ga mutumin.